Kafin Ka Sa Wa Kwalbarka Farashi

Al-Shifa, Riyad.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Ina roƙon Allah Ya ɗaga jirginka lafiya, Ya sauke shi lafiya, Ya tsare ka a hanyar Kano zuwa Funtuwa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da taka ce amma ba ka zauna cikinta ba sai da hutu.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke cin abinci a faranti ɗaya. Dalili shi ne, in muka zauna magana kai kana gudu da Larabci, ni ina bin ka da Hausa, kafin in kamo ka an kira salla. Kwanakin baya, kana ɗaure kayanka, ka ɗago kai ka ce mini, da irin kiran da yaran Larabawa ke yi wa uba, "Yuba, ka faɗa mini gaskiya. Abin shan da muke dafawa ya cancanci kuɗin da muke sa masa, ko 'yar Jamus da ake shigowa da ita ta fi?" Na ce Allah Ya yi maka albarka, na ɗauki hulata na fita. Wannan ba amsa ba ce. Mutumin da zai bar albashi ya je ya kafa tukunyarsa ta dafa abin sha da dawar garinmu ya cancanci a amsa masa sosai. To ga amsar, amma sai ka yi haƙuri, don ni ta hanyar kurakuraina na san ta.

Lokacin da na sauka ƙasar nan, tun ba a haife ka ba, kafilina, wato Balaraben da ya ɗauko ni aiki, ya ba ni tuƙin motar rarraba kayan sha zuwa shaguna. Ranar farko da safe aka buɗe mini bayan mota, na ga katan-katan na korayen kwalabe masu dogon wuya, da rubutun Turawa da hoton zangarniya. Na tambayi ɗan Sudan ɗin da ke lodi, "Wannan fa?" Ya ce, "Bira." Nasiru, na san irin kwalbar nan, na san gidajen da ake shan ta a bayan tasha, na san mutanen da ta lalata. Na ajiye makulli a kan kujera na koma masauki da ƙafa. Na ce ban baro iyayena na zo ƙasar Annabi don in yi dakon giya ba.

Kafilina ya kira ni ya yi ta faɗa, ni ban ji rabin abin da yake cewa ba, abin da na gane kawai shi ne in ban koma aiki ba zai mayar da ni gida. Akwai wani ɗalibi ɗan Maraɗi, Malam Hamisu, mai karatun fiƙihu, da muke haɗuwa a masallaci. Da na ba shi labari bai yi mini dariya ba. Ya ja ni har baƙala, wato kantin unguwa, ya buɗe firiji ya ɗauko kwalbar, ya juya bayanta ya karanta mini Larabcin da ke jiki a hankali. Ruwa ne da tsiron sha'ir da wani ganye mai ɗaci, babu barasa ko kaɗan. Ya ce, "Malam Lawal, a ƙasar da ake kama mutum saboda giya, kana ganin za a jera ta kusa da madarar yara?" Ya buɗe, ya yi bisimilla, ya kurɓa, ya miƙo mini. Ɗacinta ya tuna mini da ruwan shuwaka. Washegari na je na ba kafilina haƙuri na karɓi makullina.

Na faɗa maka wannan ne don abin da na yi, shi mutanen gida za su yi maka. Za su ga kumfa, su ga launi, wani ya ce ɗan Malam Lawal ya dawo daga Saudiyya yana dafa burkutu. Kada ka kira su jahilai, ko a zuciyarka. Tsoron da suke ji tsoro ne mai kyau, ubanka ya ji shi har ya kusa rasa aiki. Ka bar ƙofarka a buɗe. Ka gayyato liman da dattawan unguwa su ga tukunya, su ga hatsin, ka gwada a gabansu. Ka nemi kwalbar da ba ta yi kama da waccan ba, kuma ka bar sunayen Turawa irin bira da laga a filin jirgi, ka sama wa abinka suna na Hausa.

Kuskurena na biyu akasin na farko ne. Shekara da shekaru ina dakon kwalaben nan na Jamus da suke kira filsna, har na saba da ɗacinta, har na zama mai yi mata talla kyauta. Abin da ya burge ni shi ne ba ta canzawa. Wadda ka sha bara, ita ce ta bana. Nakan ce aikin Bajamushe ke nan, ba wasa. Saboda haka da ka gama karatun sarrafa abinci ka ce ka sami aiki wurin Abu Salim, wanda ke da ɗan ƙaramin wuri da tukwanen ƙarfe yana dafa abin sha na sha'ir kaɗan-kaɗan, a raina na ɗauka wasan yaran masu kuɗi ne, za ku gaji ku bari.

Ka tuna Juma'ar da ka fara kawo kwalbarku gida. Abokaina suna falo bayan mun sauko daga masallaci, mahaifiyarka ta kawo kabsa, shinkafar Larabawa. Ka ajiye kwalbar a gabana da hannu biyu. Ban ko buɗe ba, na tambaye ka nawa. Da ka faɗa, na ji ta kusa ninka 'yar Jamus uku. Sai na ce, a gaban baƙi, "Waccan ta hau jirgin ruwa, ta biya kwastan, ta ratso hamada daga bakin teku, duk da haka ta fi taku araha. Ku da kuke nan bayan layinmu, me kuka zuba a ciki, zinariya?" Aka yi dariya. Kai ka ce, "Sahih, Yuba," ka tattara faranti ka shige ciki. Na ga bayan wuyanka lokacin da kake fita, na san na yi ɓarna, amma girman kai ya hana ni kiranka.

Mahaifiyarka ta jira har Juma'a ta zagayo. Ranar ba baƙi, kai ma kana wurin aiki. Ta kawo abinci, ta ajiye mini kofunan shayi biyu iri ɗaya cike da abin sha, ta ce, "Malam, ka sha ka gaya mini wanne ne na Turawanka." Na kurɓi na farko na gane shi nan take, fari tas, ɗacinsa tsaye. Na ce, "Ga shi nan, ai ba a ɓoye mini shi." Na kurɓi na biyu. Yana da ɗan duhu, kuma ƙamshinsa kamar ka wuce gidan burodi an fito da na farko daga tanda. Ɗacinsa ba ya tarar ka da faɗa, sai ka haɗiye yake zuwa. Na ci gaba da cin abinci ina ba ta labarin ingancin Jamusawa. Da na gama ta zo kwashe kaya, ta ɗaga kofunan biyu ta nuna mini. Naku babu ko ɗigo, na Jamus kuwa yana nan kusan cike. Ta ce, "Wanda ka ce ya fi, ga shi nan ka bar mini."

Na karɓi kofin na sake shinshinawa. A ranar na fara jin wani ɗan wari a ciki, irin na kwalin da ruwa ya jiƙa ya bushe. Kuma ni na fi kowa sanin daga ina ya fito, don ni nake tsayawa da motar nan cikin zafin Riyad a bakin shaguna, ƙarfen mota ba ya taɓuwa, kwalabe suna ciki. Abin sha ne da ya yi watanni a hanya. Na tabbata a garinsu, sabon fitowa, abu ne mai daɗin gaske. Amma abin da ke isowa hannunmu ya gaji da tafiya, ni kuwa na saba da gajiyarsa har na ɗauka ita ce ɗanɗanon.

To ga amsar tambayarka. E, abinku ya cancanci kuɗinsa, in sabo ne, in an dafa shi da gaskiya, in kuma mai shan ya zauna ne don ya ji daɗin abin da yake sha. Kuɗin da ya ƙaru na hatsi mai kyau ne, da tukunya ƙarama, da firijin da ba a kashewa, da hannun mutum. Kada ka rage farashi don tsoron bakin mutum irina, don in ka rage kuɗi, gobe hatsin za ka rage. Amma kuma kada ka ɗauka duk abin da aka dafa a ƙaramar tukunya ya cancanci tsada. Tun daga ranar nan na ɗanɗana na wasu masu ƙananan wurare, wasunsu sukari ne kawai da takarda mai kyau a jikin kwalba. Irin waɗannan, 'yar Jamus mai araha ta fi su nesa ba kusa ba. Kuma kada in ji ka kushe ta don ka sayar da naka. Da ita na ciyar da ku.

Da na gane daɗin abinku sai na wuce gona da iri, kamar yadda na saba. Ka san Malam Idi, Basakkwacen da ke tsaron baƙala kusa da masaukin ma'aikatan gini. Na je na matsa masa ya karɓi kwalabenku. Ya ce, "Malam Lawal, mutanena leburori ne." Na ce ai lebura ma yana da harshe. Don kunyata ya karɓa. Wata rana da la'asar ina tsaye a shagon, wani bawan Allah ya shigo, siminti har girarsa, ya buɗe firiji ya ɗauki 'yar Jamus. Na nuna masa taku na ce, "Ɗan'uwa, ka sayi mai kyau mana." Ya dube ni, ya dubi farashin, ya ce da Hausar Damagaram, "Baba, ni ƙishi nake ji. Abin da ya rage kuma yara na jiran shi a gida." Ya biya, ya shanye a tsaye, ya fita. Kwalabenku kuwa suka zauna har lokacinsu ya wuce, tunda ba ku zuba maganin hana lalacewa. Kai ka zo da kanka ka kwashe su, ka ba Malam Idi haƙuri kan laifin da ba naka ba.

Saboda haka ka san wanda kake dafa wa. Mutumin da ya wuni a rana, ruwa mai sanyi mai araha shi ne daidai da shi, kuma bai yi kuskure ba. Kada ka sa talaka ya ji kunyar abin da aljihunsa ya iya. Funtuwa ba Riyad ba ce, masu iya sayen mai tsada ba su da yawa. In za ka iya, ka dafa iri biyu, ɗaya na gidan biki da wurin cin abinci, ɗaya mai sauƙi wanda ɗan acaɓa zai iya saya, amma dukansu su zama masu tsabta. In ba za ka iya ba, ka tsaya kan ɗaya ka kai shi inda ake neman sa. Kuma kada ka bar ɗan'uwa mai ƙaunarka ya yi maka talla da ƙarfi. Ƙauna ba ta san kasuwa ba, ni shaida ne.

Saura na ƙarshe, wanda ya fi zama mini a rai.

Bara da zafi ka dawo gida da rana tsaka, abin da ba ka saba ba, ka same ni ina alwala. Ka ce wata dahuwa da kuka riga kuka rarraba wa gidajen abinci, ka buɗe kwalbar da kuka ajiye ta gwaji, kumfa ya yi tsalle fiye da kima. Ka auna, ka ga barasa ta fara fitowa, 'yar kaɗan. Injin da ke gasa kwalabe bayan an rufe su bai kai zafin da ya kamata ba, abin ya ci gaba da tsimuwa a ciki. Ka ce babu wanda ya sani sai kai, kuma in aka janye kayan, asarar za ta iya karya Abu Salim.

Ka tuna abin da na ce maka. Na ce, "Nasiru, kai baƙo ne. Iƙamarka, takardar zamanka, a hannun mutumin nan take. Ka gyara injin ka yi shiru, na gaba zai fito daidai. In ka tayar da magana, kai za a ɗora wa." Tsoro ne ya yi magana da bakina, tsoron mutumin da ya yi rayuwarsa yana lallaɓa takardar zama. Ka saurare ni har na gama, ba ka katse ni ba. Sannan ka ce da Hausarka mai ɗingishi, "Baba, mutane suna ba yaransu. Sun yarda da abin da muka rubuta a jiki." Ka sumbaci kaina ka koma.

Wunin nan ban iya cin abinci ba. Na fara lissafin yadda za mu yi in aka ce ka bar ƙasa. Daga baya kai ka ba ni labari cewa Abu Salim ya yi ihu har ma'aikata suka fito, ya ce ka kashe shi. Amma kafin magariba shi da kansa ya ɗauki mota, kuka bi gidajen abincin ɗaya bayan ɗaya kuna karɓo kaya, kuka buɗe su duka kuka tuttular. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarka. Bayan nan ya kira ka ya damƙa maka tukwanen gaba ɗaya, ya ce kada kwalba ta sake fita sai da sa hannunka. Da ka gaya masa za ka koma gida, na ga mutumin nan da idona ya zo har ƙofarmu yana roƙon in hana ka, da ya ga ba hali ya rungume ka yana kuka.

A nan ba ni da nasihar da zan ba ka, kai ka ba ni. Abin da zan ce kawai, a gida ba wanda zai zo ya auna maka kwalba kullum. Wuta za ta ɗauke, firiji zai mutu, dahuwa za ta lalace a ranar da ba ka da halin asara. Ranar za a sami wani mai ƙaunarka ya ce maka ka yi shiru. Ko ni ne na bugo waya na faɗa, kada ka ji. Mai sayen kwalbarka da tsada, abin da yake biya ke nan ko bai sani ba: yana biyan mutumin da zai zubar in ta ɓaci.

In ka isa, kafin ka je ko'ina ka fara sauka wurin Gwaggonka Asabe, yayata. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar kakarka, kuma kununta na tsiro ne aka san gidanmu da shi. Ta san dawa fiye da yadda ka san sha'ir, wacce ke tsira da kyau, wacce ke ɗaci, wane ƙauye ake samo ta. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka bar ta ta yi maka dariyar Hausarka, ka tambaye ta. Dahuwarka ta farko ita za ka fara kai wa. Ba ta yabo. In ta kurɓa ta ce "to, ba laifi," ka je ka yi sadaka.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko tukunya tana tafasa. Ka biya ma'aikatanka kafin ka biya kanka. Ka riƙa kiran mahaifiyarka, don ita ba za ta ce maka tana kewa ba, sai dai in ga ta dafa abinci ya yi yawa.

Akwai abu ɗaya da ba ka sani ba. Shekarun nan duka, in aka tambaye ni a masallaci me ɗana yake yi, sai in ce yana aiki a kamfanin abinci, in yi sauri in kawo wata magana. Juma'ar da ta wuce, muna saka takalma, wani dattijo daga cikin mutanenmu ya ce, "Malam Lawal, an ce yaronka zai koma gida. Wai me yake yi ne takamaimai?" Mutane suna tsaye suna ji. Na ce, "Sha'ir yake dafawa, abin sha na halal, kuma duk garin nan ban san mai tsabtar hannu kamarsa ba. Yanzu zai je ya dafa dawar garinmu." Na faɗa da ƙarfi har wani Balarabe ya waiwayo. Na taka zuwa gida ina jin kamar an ƙara mini tsawo.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya sa albarka a hannunka da tukunyarka, Ya kare ka daga haram ƙanƙaninta da babbanta, Ya ba ka masu saye masu gaskiya da abokan aiki masu amana. Allah Ya sa in ga wurin nan naka da idona kafin in koma gare Shi. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe wa tsohonka.

Ka sauka lafiya, ɗana.

Mahaifinka,
Lawal